Wa ke ƙirga mata tiya?

Jiya da la'asar na leƙa gidan wata maƙwabciyarmu nan unguwar Bagalam ta Maradi, mijinta ɗan kabu-kabu ne, Allah ya yi mishi rasuwa wata biyu da suka wuce ya bar ta da ɗiya biyar. Ranar sadakar uku wallahi ko wurin aje takalmi babu a gidan nan, kowa "Allah ya jiƙan shi, ya raya abin da ya bari", amma jiya ita kaɗai na iske tsakar gida da turmi, hatsin ciki ko rabin tiya bai kai ba.

Na ce Yaya ina kwanon ƙuli-ƙulin naki? Ta ce ke dai bari ƙanwata, ranar da ta fita sayen gyaɗa sai da magana ta kai ga dangin mijin, wai mai takaba tana yawon kasuwa. To ni abin da na ji bakin malamai, takaba wata 4 da kwana 10 ce, ba kwalliya, ba aure, ta kwana ɗakinta, amma da rana in lalura ta kama tana iya fita. Yunwar marayu biyar in ba lalura ba ce mi ce ce? Kowa a unguwa ya san kwana nawa ya rage mata, har masu shirin zuwa zawarci sun sani, amma ban ji wanda ya san tiya nawa ta rage ba.

Sai batun gado. Mace mai ɗiya tumuni gare ta, ɗaya bisa takwas, in da kishiya su raba shi, sauran na ɗiyan ne in iyayen mamacin ba su raye. Abin da ya bari ma babur ne da 'yar gona can ƙauye, babur ɗin yana hannun wan mamacin wai yana juya ma marayu, har yau ko jikka guda ba ta gani ba, ga mai gidan haya ya fara aike, ga kuɗin kuran, ga kayan lakwal, babban nata ma ya koma tura baro.

Abin da ke riƙe da ita yanzu asusu ne, irin na Mata Masu Dubara da aka fara nan jihar Maradi tun 1991, matan sun ba ta rancen jikka goma ba tare da sun tambaye ta wa zai tsaya mata ba. Gyaɗar kuma ni zan je in sayo mata gobe da safe, mu ga wanda zai kai ƙarata.