Bindigar fenti mai yoyon iska: wasiƙa zuwa ƴan uwa na Tawa da Yamai

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku daga Faransa, da fatan ana lafiya, ya zafin bazara?

Makon jiya ƙanena ya aiko mini da saƙon murya daga Yamai. Bai yi dogon bayani ba, sai ya kara wayar a jikin bindigar fenti da ya saya ta hannu, irin ta wasa mai harba ƙwallayen fenti da ƙarfin iska, na ji tana "tsss" kamar kasko ya sha ruwa. Ya ce: "Yaya, ko in zuba mata baƙin mai?" Gabana ya faɗi. Shi ya sa na ce bari in rubuto wa kowa.

A nan aikina ke nan, gyaran waɗannan bindigogi a filin wasa, kuma da abin da na koya wurin mai faci a Tawa nake cin abinci. Yadda yake tsoma roba cikin ruwa yana jiran kumfa, haka nake yi. Sa gilashin kare fuska, juye ƙwallayen fenti duka, toshe bakin bututun bindigar. Sannan ka kaɗa ruwan sabulu, ka shafa a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta taso, nan ɓarakar take.

Galibi laifin wata ƴar roba ce mai kamar zobe, a bakin butel ɗin iska, inda ake murɗa shi jikin bindiga. Ka ciro ta da tsinken sakace, kada ka sa allura ta karce ƙarfen. Juya ta a hasken rana, za ka ga tsaga siririya kamar gashi, ko ka tarar ta baje. Mu ne ma ke kashe ta, don muna kwance butel da iska cike a cikin bindigar. Ka sassauta shi kaɗan, ka yi ta harbin iska har ta yi shiru, sannan ka ƙarasa kwancewa.

In kuwa ta bakin bututu iskar ke fita, matsalar tana ciki: a bindigogi irin su Tippmann 98 da Spyder, robar da ke toshe bawul ce ta gaji, ko rairayi ya shiga tsakaninta da mazauninta. Ƙurar hunturunmu kaɗai ta isa ta yi wannan aika-aika. Sau da yawa gogewa da tsumma mai tsabta ta wadatar.

To, batun mai. Baƙin mai da duk wani man fetur suna iya kumbura roba, su ruɓar da ita. Man silikon ake sa wa, ɗigo ɗaya a ɗan yatsa. Amma ramin da ake ɗura wa butel iska, wallahi ko ɗigo kada ya shiga. Matsin iskar ciki yana kai 200 a ma'aunin matsi da ake kira bar, wani butel ɗin har 300, alhali tayar mota ba ta wuce biyu da ɗoriya. Mai ya haɗu da irin wannan matsi yana iya kamawa da wuta, butel ya tarwatse a hannun mutum. Butel ɗin da ke yoyo ta wuyansa kuma, kada ka taɓa shi da sifana. Na masu kayan gwaji ne.

Masu butel na iskar gas ta CO2, da ku nake musamman. Zafi na wuce digiri 31 matsinsa yake hawa da sauri, ga shi a watan Afrilu Tawa tana haura 40. Ka bar shi cikin mota a rana, ɗan farantin da ke kare shi daga tarwatsewa ya fashe, iskar ta tsiyaye kaf. Inuwa za ka nema masa, ko da ƙarƙashin gado ne.

Ƙanena, na ƙulla maka robobi ashirin da ƴar kwalbar silikon, suna hannun wani ɗan garinmu da zai sauka Yamai bayan salla. Kafin nan ka kwance butel ɗin ka ajiye. A gaida su Inna.

Naku,
ɗan Adar a Faransa