Mai daidaita tallafi ga masu nakasa a Ostireliya: inda awanni ke zurarewa

A Ostireliya, mai nakasa ta dindindin da ya nema kafin ya cika shekara 65 yana iya shiga shirin NDIS, wato inshorar nakasa ta ƙasa, wanda dokar 2013 ta kafa. Hukumar NDIA, mai gudanar da shirin, ita ce ke rubuta masa tsarin tallafin da zai samu, ta ware masa kuɗi. To amma takarda ba ta yi wa mutum wanka, ba ta kai shi asibiti. Aikin mai daidaita tallafi shi ne ya nemo waɗanda za su yi, ya tabbatar suna zuwa a kan lokaci, kuma mai tsarin, wato mai nakasar, shi ne ya zaɓe su da kansa.

Aikin hawa uku ne. Na biyu aka fi bayarwa, kuma farashinsa ya shafe shekaru a kan dalar Ostireliya 100.14 a awa. Na uku, dala 190.54 a awa, na masu matsala mai sarƙaƙiya ne, kamar wanda za a sallama daga asibiti ba shi da wurin zama.

In kai ne mai daidaita tallafin, kafin ka kira kowa, duba wa ke riƙe da kuɗin. In NDIA ce, sai mai hidima mai rajista kaɗai za a biya. In mai tsarin ne da kansa, ko manajan tsari, wato wanda ke biyan masu hidima a madadinsa, an fi samun zaɓi. Wanda ya tsallake wannan zai haɗa mutum da mai kulawar da ya kwanta masa a rai, a yi aikin mako uku, sannan a ƙi biya.

Sai lissafin awanni, kuma a nan aka fi faɗuwa. A ce an ba ka awa 40 na shekara: awa uku da ɗan ɗori ke nan a wata. Kiran waya, imel, rubuta rahoto, duk daga ciki suke fita. Watanni biyun farko suna cin da yawa, domin lokacin ake ƙulla yarjejeniya da masu hidima. A ganina, ware awa shida ko takwas tun ranar farko don rahoton ƙarshen tsari, kada ka taɓa su. In suka ƙare a wata na bakwai, mutumin zai je zaman sabunta tsari hannu rabbana.

Rahoton nan yana da tasiri sosai a kan abin da hukuma za ta ba shi baɗi. "Yana buƙatar ƙarin taimako" ba hujja ba ce. Rubuta cewa ba ya iya tashi daga gado zuwa keken guragu sai da mutum biyu, sau nawa a rana, minti nawa kowane karo, ka haɗa da rahoton ƙwararren da ya auna abin da yake iya yi. Ƙwararrun nan layinsu na da tsawo, don haka nemi ganinsu da watanni a gaba. Kuɗin da ba a kashe ba ma a bayyana dalili: in babu mai hidima ne a garin, a faɗa, don kada a ɗauka ba a buƙata.

In hukuncin hukuma bai yi ba, wata uku ake da shi a nemi ta sake dubawa. Rubuta ranar da wa'adin zai cika a gaban fayil.

Idan kamfanin da kake wa aiki yana da masu kulawa nasa, gaya wa mutumin a fili, ka kawo masa wasu biyu ko uku ya kwatanta, ka rubuta wanda ya zaɓa da dalilinsa.