Noma a fulotin da ba nawa ba

Ranar da aka damƙa mini makullin fulotin nan a Ikorodu, ƙarshen 2019, magana biyu kawai mai wurin ya yi mini: kada kowa ya shiga, kada kowa ya kafa komai. Daga nan ya koma Ingila abinsa. Fili ne mai ƙafa 60 a 120, an zagaye shi da katanga, ga ɗakin mai gadi guda a bakin ƙofa. Sauran wurin bola ne. Maƙwabta sun daɗe suna cillo shara ta saman katanga: ledar fiya wata, robobi, fasassun kwalabe, matattun batura, har da kunzugun yara.

Ɗan manomi ne ni. A ƙasar Malumfashi aka haife ni, da fartanya na tashi, dawa da auduga mahaifina yake nomawa. Amma wata huɗu na yi ina kallon bolar nan ban ko ɗaga tsinke ba. A raina Legas wurin neman kuɗi ne, gida yana can Arewa, wa zai ɓata guminsa a ƙasar wani? Haka yawancinmu muke zaune a garin nan, ƙafa ɗaya a tasha, ko da mutum ya shekara ashirin.

Sai kullen korona ya zo a ƙarshen Maris 2020. Aka rufe majami'u, kayan miya suka yi tsada, Baba Fasto ya koma turo mana wa'azi ta WhatsApp. Wata Lahadi ya ɗauko Irmiya sura 29, wasiƙar da annabin ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila. Akwai wanda yake ce musu cikin shekara biyu za su koma gida. Irmiya ya ce shekara saba'in ne, don haka su gina gidaje, su dasa lambuna su ci amfaninsu, su kuma nemi zaman lafiyar birnin da suke baƙunci. Ina zaune a kan benci da waya a kunne, bola tana gabana. Ban ji wata murya daga sama ba, kunya ce kawai ta kama ni. Da yamma na kira mai wurin na nemi izini. Ya ce in shuka abin da na ga dama, in dai ba itacen da zai hana gini ba.

Kuskurena na farko wuta ce. Na tara ledoji da robobi na cinna musu ashana kamar yadda muke ƙona karan dawa a gida. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe layin, wata mama Bayarabiya da ke bayan katanga ta fito da jikanta yana tari, ta wanke ni tas da Yarbanci. Ban ji rabin abin da ta faɗa ba, amma na san gaskiyarta ce. Daga ranar sai na koma tsincewa da hannu: ƙarfe da kwalba in ba yaranmu 'yan jari bola, leda in ɗura a buhu in jira motar shara. Sati shida kafin in ga fuskar ƙasa.

Na biyu kuma girman kai ne. Na ce ai noma gadona ne, na shuka dawa da tumatir da ruwan farko kamar ina Malumfashi. Dawa ta yi tsawo ta wuce katanga, zangarniyar ta yi fumfuna, abin da ya rage tsuntsaye suka ƙarasa. Tumatir kuwa ruwan Yuni ne ya gama da shi: ruwa ya kwanta kwana uku, ganye ya yi baƙi, 'ya'yan suka ruɓe tun suna kore.

Wani dattijo Bakano ne ya cece ni, Musulmi, cikin 'yan lambun da ke noman ganye a wajen Ojo. Ya zo ziyara wurin ɗansa mai shayi a layinmu, na roƙe shi ya leƙo. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya sunsuna, ya yi dariya.

“Ɗana, ƙasar nan ba ta jin Hausa. Sai ka koyi yarenta.”

“To Baba, me zan yi?”

“Ɗaga kunya ta kai maka ƙauri, ka yi wa ruwa hanyar fita. Da damina ka sa alayyafo da lalo da kuɓewa da ugu. Tumatir ka bar shi sai ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba, ka yi ban ruwa. Kuma ƙasar nan yunwa take ji.”

Maganar yunwar nan ce ta fi cin mini lokaci. Na samo kashin kaji buhu biyu daga wani gidan kaji, na zuba shi ɗanye, ya ƙone mini shuka cikin kwana biyu. Sai na haƙa rami a kusurwa. Ciyawa da ganye a ƙasa, kashin kaji a kai, ɓawon ayaba da na doya da ruɓaɓɓen kayan gwari da nake karɓowa daga masu tebur, toka kaɗan, sai ƙasa ta rufe. Bayan sati biyu in juya. Ranar farko da na zura hannu ciki na ji zafi kamar tuwon da aka sauke yanzu, har na zabura. Wata biyu ya zama baƙi, yana warwashewa a hannu, yana ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa. A damina ta biyu na kafta fartanya na ga tana tana murɗawa, uku a sara guda, a wurin da dā sai leda da batir. Na kira uwargida ta zo ta gani, ta ce in ba haukan manomi ba, wa ke murna da tsutsa.

A nan na fara tuna abubuwan da mahaifina yake yi waɗanda ban taɓa tambayar dalilinsu ba. Bai yarda a sare gawo a gonarsa ba, itacen da ke zubar da ganye da damina, dawa ta yi kyau a ƙarƙashinsa. Bayan girbi yana barin Fulani su kwana da shanunsu a gona. A Farawa 2:15 aiki biyu aka ba Adamu a gonar Aidan, ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Ni na farkon kawai na ɗauko daga gida. Shi ya sa ma da ƙwari suka taso ban ruga wa maganin feshi ba, don ganyen da za a ci cikin sati uku ko huɗu ne. Na daka ganyen dogon yaro na jiƙa na yayyafa, na barbaɗa toka. Katantanwa kuwa da tocila nake tsince su da dare, maƙwabta suna murnar karɓa.

Bari in ɗan kauce. A Legas in ka ji an ce “shuka iri” a wasu majami'u, ambulan ake nufi: ka sa kuɗi yau, ka girbi mota gobe. Duk wanda ya taɓa jiran kuɓewa ta yi fure ba zai saurari wannan da sauƙi ba. Mai lambun da Yesu ya ba da misalinsa a Luka 13, shekara guda ya roƙa domin itacen ɓaure, ya yi masa kaftu ya zuba taki, kuma bai yi alkawarin zai yi 'ya'ya ba.

Ugu ya hau katanga ya leƙa waje, sai aka fara tsinke shi da asuba. Na fusata, na ce zan kafa fasassun kwalabe. Uwargida ta ce, “Baban yara, da Bo'aza ya kafa kwalba, ina Rut za ta yi kala?” Tana nufin Rut ta Littafi Mai Tsarki, baƙuwar da Bo'aza ya bari ta yi kala a gonarsa. Dokar tana Littafin Firistoci sura 19: kada a girbe gona har gefenta, a bar wa matalauci da baƙo. Na yi kunya guda a wajen katanga, alayyafo da lalo, duk mai so ya yanka. Ba zan ce satar ta ƙare ba, akwai mai tumɓukewa har saiwa. Amma maman da ta zage ni kan hayaƙi ita ta zama mai tsaron kunyar, ita ce kuma ta koya mini cewa lalonmu shi ne ewedunsu.

Ranar godiyar kaka a majami'a, mutane suna shigowa da buhun shinkafa da katan na taliya daga kasuwa, ni na shigo da kwando: kuɓewa, yakuwa, zogale, attarugu. Matan zumunta suka yi ta guɗa. Wata tsohuwa ta ɗauki yakuwar ta kai hanci, ta daɗe ba ta sauke ba.

A Janairun 2024 mai wurin ya kira ya ce za a fara gini. Haƙƙinsa ne, bai ɓoye mini komai ba tun farko, amma kwana biyu abinci bai shiga ba. Takin shekara huɗu zai kwanta ƙarƙashin kankare. Na je wurin Baba Fasto ina ƙorafi. Ya buɗe mini Littafin Firistoci 25:23, inda Ubangiji ya ce ƙasa tasa ce, Isra'ilawa baƙi ne a wurinsa. Ya ce, “Ɗan'uwa, shi ma mai takardar filin, gadi yake yi, nasa wa'adin ne ya fi naka tsawo.” Na yarda da maganar, zuciya dai ba ta huce a ranar ba.

Da leburori suka zo haƙa harsashi, na roƙi mai wurin ya bar ni in kwashe ƙasar sama, ya ce ai rage masa aiki na yi. Buhun siminti 40 na cika, ni da yaran majami'a, muka yi sawu biyar da Keke Napep zuwa bayan ɗakin sujada, muka huda gindin kowane buhu don ruwa ya fita. Yanzu matasa ne ke ban ruwa bi da bi. Zogale guda na bari a kusurwar katanga, na ɗauko adda zan sare shi, matar mai gidan ta ce in ƙyale mata. Jiya da na wuce na ga ya fi benen farko tsawo.