Zanen da ya ƙi zama a bango

Talata, da dare.

Tun safe hoto ɗaya tilo nake fama da shi. Wata abokiyar aiki ce ta turo min hoton ɗaki, tana so in liƙa zanenta a bangon don ta ga yadda zai yi kafin a buga. To amma daga gefe aka ɗauki bangon, ɓangaren kusa dogo, na nesa ya tsuke.

Na buɗe Photoshop, manhajar gyaran hoto, na danna Ctrl da T don sauya siffar zanen, na riƙe Ctrl ina jan kusurwoyinsa huɗu da ido kawai. A ganina ya yi. Na ɗan tashi, da na dawo sai na ga zanen kamar zai zame ya faɗo. Ban iya nuna inda ya karkace ba, amma ido ya ƙi yarda.

Nan na bar kirdado. Na buɗe sabuwar leya, wato shimfiɗa daban a saman hoton, na ja jan layi a bakin silin, wani a inda bango ya haɗu da daɓe, na uku a saman taga. Na miƙe su har suka fita daga hoton. Sai da na faɗaɗa filin aikin sannan na ga sun haɗu a ɗigo ɗaya, daidai tsayin da kyamara take lokacin ɗauka. Duk layin da ke kwance a jikin bangon nan, can zai dosa. Gefen saman zanena kuwa wata uwa duniya ya nufa.

Abin haushi, akwai Vanishing Point, kayan aikin da ke kwantar da abu daidai da karkatar bango, a cikin manhajar tun fitowar samfurinta na CS2 a 2005, kullum sai in wuce shi kamar ban gani ba. Yau dai na shiga. Kusurwa huɗu na bangon ake dannawa, raga ta bayyana. Tawa ta farko ja ta fito, alamar lissafin bai yiwu ba. Na matsar da kusurwa ɗaya kaɗan ta koma rawaya, na ƙara taɓawa ta zama shuɗiya, alamar ta yi daidai. Na manna zanen, na jawo shi kan ragar, nan take ya kwanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsakiyar. Na ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, mahaɗarsu ta faɗi can wajen gefen nesa, ba inda idona yake rantsuwa nan ne tsakiya ba. Faɗin ma ashe na zarce da shi ɗazu.

Sauran aikin inuwa ce siririya a gefen da ba ya fuskantar taga, da ɗan dusashe kaifin zanen, don ya fi bangon tsabta nesa ba kusa ba.

Na tura mata da yamma. Amsarta: “Ya yi kyau, amma ɗan matsar da shi kusa da taga.” Allah ya so na adana ragar. Gobe.