Rigimar kafet, da tawa rigimar labule

Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni, ransa a ɓace. Shi ke rubuta 'yan wasannin barkwancin da suke sakawa a TikTok, abokinsa kuma ke sa musu waƙa. Wai kuɗin talla ya shigo, abokin ya cire na hayar janareta bai shawarce shi ba. "Kawu, na gama da shi," in ji shi, yana ta latsa waya, ko kallona bai yi ba.

Na ce ya ajiye wayar nan ya ji labarin wasu mutanen Ingila biyu. Gilbert ne marubucin, Sullivan mai kiɗan. Daga 1871 zuwa 1896 sun haɗa wasannin barkwanci na waƙa guda 14. Ɗaya daga ciki, The Mikado na 1885, sau 672 aka nuna shi a jere a gidan wasan Savoy da ke Landan, wanda mai kula da harkarsu, Richard D'Oyly Carte, ya gina. Dama jinin Gilbert da Sullivan bai gama haɗuwa ba. Sullivan na ganin barkwanci ya tare masa hanyar kiɗan manya, Gilbert kuwa ga zafin rai. Amma kafet ne ya raba su. A 1890 Gilbert ya duba lissafi, ya tarar Carte ya saka kuɗin sabon kafet na zauren shiga cikin abin da su ukun za su biya. Ya kai ƙara kotu. Sullivan ya goyi bayan Carte, wanda a lokacin yake gina gidan da za a nuna babban aikin Sullivan ɗin. Sun ƙara yin wasa biyu, a 1893 da 1896, amma armashin ya tafi. A 1900 Sullivan ya rasu.

Ni tawa labule ne. Ina koyarwa a lokacin, muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ni ke rubutu, aminina ke ɗora waƙa. In na ba shi baiti da yamma, kafin asuba ya samo masa karin da ni ban san yana ciki ba. Sai shugabanmu ya sayo labulen dandamali da kuɗin ƙofa, bai faɗa wa kowa ba. Na tashi a gaban jama'a na ce a kawo rasit. Na waiga wajen aminina, sai ya sunkuyar da kai. Wannan shirun ne ya ƙona ni, ba kuɗin ba. Na kira shi munafuki, har da yara a wurin.

Kuma fa ina da gaskiya! An ci mana kuɗi, har gobe ina kan bakana. Shi ma Gilbert da aka bincika an samu kuskure a lissafin Carte. To amma daga baya na ji shugaban ne ya biya wa aminina kuɗin asibitin mahaifiyarsa. Yaya zai buɗe baki? Sau biyu aminina ya aiko a ba ni haƙuri, na ce shi ya zo da ƙafarsa. Shekara 11 muna gaisuwar hanya kawai. Da na tashi zuwa gidansa, ta'aziyya na je.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, yarana, amma kun fi son abin da bai wuce minti ɗaya ba. Ku rubuta yadda za a raba kuɗi tun kafin sisi ya shigo. In an cuce ku kada ku yi shiru, ku nemi lissafi. Kai, wani lokacin ma ku ƙyale lissafin, kuɗin janareta nawa yake? In dole sai an yi maganar, a yi ta a ɗaki, ku biyu. Ku yanzu abu kaɗan sai a ɗora wa duniya a waya, a toshe lambar mutum, wai an huta.

Yaron ya ce, "To Kawu, ni zan fara kiran sa ke nan?" Na buɗe akwati na ɗauko masa wasanni huɗu da na rubuta bayan rabuwarmu. Duk inda waƙa za ta shiga na bar fili, har yau ba a cike ba. Na ce ya kira shi yanzu, ina zaune.