Wa zai riƙe mata yaron?

Lokacin da nake karatun digiri na biyu a Ingila, malamar da ke duba aikina ta ɗora mini kwatanta yawan masu aikin yi cikin iyayen da ke renon 'ya'ya su kaɗai a yankunan Birtaniya. Kusan tara cikin goma na waɗannan iyaye mata ne. Alƙaluman Ofishin Ƙididdiga na ƙasar sun nuna cewa a tsakiyar shekarun 1990 masu aiki a cikinsu ba su kai rabi ba, amma zuwa 2019 sun doshi kashi 70 cikin ɗari. Na ɗauka aikin ba shi da wuya, domin a tunanina duk inda kasuwa ke ci, nan mutane suka fi samun abin yi.

Da na jera alƙaluman shekarun 2000 yanki bayan yanki, sai na tarar da Landan a can ƙasa, birnin da ya fi ko'ina dukiya da guraben aiki. Kwana biyu na yi ina bin lissafina, ina zargin na yi kuskure. Malamar ta duba, ta ce lissafin daidai yake, sannan ta tambaye ni abin da ban taɓa kawowa a raina ba: idan matar ta fita aiki, wa zai riƙe mata yaron, kuma nawa za ta biya?

Amsar wannan tambaya ta zo mini ne daga bakin wata mata da ke share ɗakunan kwananmu. Kullum ƙarfe biyu da rabi take ajiye bokiti da tsumma ta sa rigar sanyi, domin ana tashin 'yarta daga makaranta jim kaɗan bayan ƙarfe uku. Ta ce a Landan ta zauna da farko, inda haya da kuɗin gidan raino da kuɗin jirgin ƙasa suke cinye albashi tun kafin wata ya raba, ga tafiyar awa guda zuwa wurin aiki, ga babu uwa ko 'yar'uwa a kusa. Ta ɗauki biro ta rubuta mini a bayan wata takardar sayayya abin da ke shigo mata da abin da ke fita, kuma ragowar ba ta taka kara ta karya ba. Daga baya na gano cewa tallafin da gwamnati ta fito da shi a 2003 ga masu ƙaramin albashi a lokacin yana buƙatar uwa ta yi aikin awa 16 a mako, kuma adadinsa ɗaya ne a duk faɗin ƙasar, alhali tsadar rayuwa ba ɗaya ba ce. Ayyukan rabin wuni da suka dace da lokacin makaranta su ma sun fi ƙaranci a Landan. Tun daga ranar na daina yarda da duk bayanin da ke jingina bambancin yankuna ga lalaci ko son zaman banza.

Haka kuma na koyi cewa hawan adadi yana iya zuwa daga tilas. Kafin 2008 uwa na iya karɓar tallafi ba tare da an matsa mata neman aiki ba har autanta ya kai shekara 16. An rage shekarun zuwa 12 a 2008, sannan 10, sannan 7, har suka koma 5 a 2012. Masu aiki sun ƙaru, amma teburin alƙaluman bai faɗi irin aikin ba. A Japan fiye da kashi 80 cikin ɗari na irin waɗannan iyaye mata suna aiki, duk da haka kusan rabin gidajensu na cikin talauci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ma'aunin ƙidayar masu aiki ya kasa ɗaukar matan da na taso a cikinsu. A wajen masu ƙididdiga, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi mai aiki ne, kuma da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta koma wannan ma'auni a 2023, rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 zuwa kashi 4.1 a kan takarda. Da wannan lissafi, bazawarar da ke tuya ƙosai a ƙofar gida a Kano, ko mai saƙar hula a cikin ɗaki, an ƙidaya ta cikin masu aiki ko da cinikin bai kai kuɗin cefane ba. Sau da yawa ma ba za ta fito a matsayin uwa mai reno ita kaɗai ba, tunda ta koma gidan mahaifinta, sunansa ne a kan takardar a matsayin maigida.

A babin ƙarshe na aikin na ƙara ginshiƙai biyu a teburin alƙaluman kusa da na adadin masu aiki, ɗaya na kuɗin raino a kowane yanki, ɗaya na kuɗin haya, na kuma sa hoton takardar sayayyar nan a shafin farko bayan na nemi izinin mai ita.