Sefar Nijar ba ta ci a Garwa

Har yau in na tuna tsayuwar da na yi a gaban mai masaukina a Garwa ta Kamaru da damin kuɗi a hannu sai raina ya ɓaci, don ba wanda ya cuce ni, ni na cuci kaina.

Shekara goma sha ɗaya ina kai manyan riguna masu aikin hannu daga birnin Zazzau zuwa Maraɗi da Damagaram. Da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe iyaka, kaya suka taru mini a shago, masu ɗinki na jiran kuɗinsu. A lokacin kullum rediyo maganarta a buɗe kasuwa da maƙwabtanmu na gabas, Kamaru da Chadi. Ga gadar da aka buɗe tsakanin Mfum ta Najeriya da Ekok ta Kamaru a 2022, ga yarjejeniyar kasuwanci ta Afirka da Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019. Na ce to, tunda arewa ta toshe, bari in fuskanci gabas.

Hanya ba matsala: Bauchi, Gombe, Yola, muka tsallaka. Riguna kuwa sun karɓu, musamman masu aska takwas.

Kuɗin ne. Ina da ragowar sefa daga tafiye-tafiyen Maraɗi, na je wajen 'yan canji na ƙara, suka cika jaka ɗari shida, wato sefa dubu ɗari shida, da niyyar in biya kuɗin fito da masauki, sauran in saro fatu. Da na ce a ba ni sefa ba wanda ya tambaye ni ina za ni, ni ma ban faɗa ba. A wurina sefa sefa ce.

Mai masaukina, wani dattijo Bafulatani da Hausa ta zauna a bakinsa, ya karɓi takarda ɗaya ya juya ta, ya miƙo mini. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ta Yamma ce. Nan ko ƙosai ba za ta saya maka ba." Na ɗauka zolaya ce, har na yi dariya.

Ashe sefa biyu ce. Ta Nijar, babban bankinta na Dakar, ƙasashe takwas ke kashe ta. Ta Kamaru, bankinta na Yawunde, ƙasashe shida: Kamaru, Chadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Abin haushin, darajarsu ɗaya ce cif, kowacce 655.957 a Yuro ɗaya. Amma a kasuwa ba mai karɓar ta wancan ɓangaren. Da na tsaya na duba rubutun da ke jikin takardar, da na gane, sunan bankin na nan ɓaro-ɓaro. Shekara goma sha ɗaya ina ƙirga ta, ban taɓa karanta ta ba.

Kwana biyu muka yi kafin a samu mai canzawa, shi ma ya ga baƙo a matse, ya ce a kowace jaka goma zai cire ɗaya. Jaka sittin ta tafi ina kallo. Ribar riguna kusan bakwai ke nan, aikin da wasu suka yi wata da watanni suna tsiyayar da ido a kansa.

Wajen fito ma na taho da tunanin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a kai, na manta Kamaru ba ta ciki. Wannan bai yi mini ciwo sosai ba, na biya na wuce. Yarjejeniyar da shugabanni ke sa wa hannu tana da amfani, ban musa ba, amma jami'in da ke bakin iyaka takardar da ke gabansa ya sani.

Yanzu in zan tafi, Naira nake riƙewa har Yola, can nake canji, kuma ina faɗa da bakina: ta Kamaru nake so. Kowace takarda sai na karanta ta, ko da layi ya taru a bayana. Makon jiya wani yaron shagonmu a Tudun Wada ya ce zai bi ni tafiya ta gaba, har ya tanadi sefarsa. Na ce kawo in gani. Ta Dakar ce.